An Ce An Kawo, In Gani a Ƙasa

Ƙarfe 2:17 na rana wayata ta yi ƙara. Saƙon gajere ne: an isar da kayanka, mun gode. A lokacin ina zaune a falo, tsakanina da ƙofar gida bai fi taku goma ba, kuma tun safe ban leƙa ko'ina ba saboda jiran wannan kwalin. Batirin kwamfutata ne a ciki, kwana tara ina dakonsa, aikina duk ya tsaya cak. Na miƙe na buɗe ƙofa. Wayam. Na duba bayan ƙyaure, na duba gindin katanga, har ƙarƙashin mota na leƙa kamar mai neman 'yar kyanwa. Sai na koma cikin manhajar na danna inda aka rubuta shaidar isarwa. Hoto ya buɗe. Ga kwali nan kuwa, an jingine shi da wata ƙofar ƙarfe shuɗiya, ga takalmin yaro ƙafa ɗaya a gefe. Ƙofata ta katako ce, ruwan ƙasa, kuma rabon gidana da ƙaramin yaro an kwana biyu.

Na buga wa masu karɓar koke na wurin da na sayi kayan. Sai da na sha kiɗan jira na kusan rabin awa kafin wata baiwar Allah ta ɗauka, muryarta a sanyaye, ga ladabi. Na karanto mata lambar bin sawun kayan. Ta yi shiru, ina jin tana daddanna kwamfuta, can ta ce, "Yallaɓai, a wurinmu ya nuna an isar." Na ce ai dalilin kiran ke nan, ya nuna an isar amma ba a kawo ba. "To Yallaɓai, amma fa ya nuna an isar." Sau uku muna wannan zagaye. Daga ƙarshe ta ce in tambayi maƙwabta, in jira kwana uku, in kuma tuntuɓi kamfanin jigilar. Su kuma masu jigilar da na same su da ƙyar, cewa suka yi ba ni na ba su aikin ba, don haka mai sayarwa ne zai shigar da koke. Wannan ya tura ni wurin wancan, wancan ya maido ni wurin wannan.

Tambayar maƙwabtan ce ta fi yi min ciwo, kuma masu ba da wannan shawara ba su san nauyinta ba. Ta yaya za ka tsaya a ƙofar dattijon da kuka shekara goma kuna gaisawa, ka ce masa, "Baba, ko an kawo wani kwali nan bisa kuskure?" bai ji kamar ka ce ya danne maka kaya ba? Ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "Haba Malam, ai da an kawo da tuni na aiko maka." Gaskiya ya faɗa. Na yi ta ba shi haƙuri a kan laifin da ba ni na aikata ba. Kamfani ne ya yi sakaci, amma ni aka mayar ɗan sandan ciki, kuma da mutuncin da ke tsakanina da mutane aka biya kuɗin binciken.

Abin da nake so in faɗa bai da yawa. Kalmar "an isar" iƙirari ce, ba hujja ba ce. An ce da kare ana biki a gidansu, ya ce in gani a ƙasa. Mai sayen da ya ce kaya ba su zo ba, ba shi ya kamata a tsare da tambayoyi ba. Wanda ya karɓi kuɗi ya ce ya kawo, shi ne zai nuna wa ya ba, a ina, kuma da wace shaida.

A duba yadda kalmar ke fitowa a fuskar waya. Ɗan aike ya sauko da kwali, ya haska zanen layi-layin da ke jikinsa da na'urarsa, ya danna maɓalli. Shi ke nan fa. Babu wani alƙali da ya tantance, babu shaidu. Na'urar gano wuri ta GPS da ake kafa hujja da ita tana iya kauce wa daidai da mitoci da yawa, musamman inda gine-gine suka cushe, kuma ko ta nuna bene ba ta san hawa na nawa ba, balle ɗaki. Hoton da ake ɗauka yana nuna kwali a gaban wata ƙofa a wani lokaci. Bai faɗi ƙofar wa ba ce, bai faɗi minti nawa kwalin ya yi a wurin ba, bai ma tabbatar wanda ya ɗauki hoton ya tafi ya bar shi ba. Sa hannu kuma, tun da ya koma zanawa da yatsa a kan gilashi ya zama tafiyar tsutsa wadda kowa zai iya yi. Ko wannan ɗin ma kamfanoni da yawa sun jingine shi a 2020 lokacin annobar korona don gudun haɗa jiki, kuma a wurare da dama bai dawo yadda yake ba. Ashe ke nan ɓangare ɗaya ne ke ba wa kansa shaida, shi ya rubuta, shi ya adana, shi kuma zai karanta maka ya ce magana ta ƙare.

Asalin abin ba mugunta ba ce. Fred Smith, wanda ya kafa kamfanin jigilar kaya na FedEx, ya shahara da cewa bayani a kan saƙo darajarsa ɗaya da saƙon kansa, kuma a 1994 kamfanin nasa ya buɗe shafin intanet inda mutum zai shigar da lamba ya ga inda kayansa suka kai. Ci gaba ne babba, domin kafin nan in ka tura abu sai dai addu'a. Amma a hankali bayanin ya hau kan kayan ya zauna. Yau in allo ya ce an kawo, hannunka ya ce ba a kawo ba, allon ake gaskatawa. Matar da ta amsa kirana ba raina min wayo take yi ba. Abin da ke gabanta take karantawa, kuma ba a ba ta ikon ƙaryata shi ba.

To wa ke da alhaki? Mai sayarwa. Ba na ganin wannan yana buƙatar doguwar muhawara. Da shi ka yi ciniki, shi ya karɓi kuɗinka, shi ya zaɓi wanda zai kawo, shi ya biya shi. Wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. In ɗan aikensa ya ɓatar da kaya, tsakaninsu ne, su je su sasanta bayan an sallame ka. Wasu ƙasashe ma sun rubuta wannan baƙi da fari. A Birtaniya, sashe na 29 na dokar haƙƙin masu saye ta 2015 ya ce kaya suna wuyan ɗan kasuwa har sai sun shiga hannun mai saye, ko hannun wanda shi mai sayen ya ambata ya karɓa masa. Tarayyar Turai tana da irin wannan tanadi a sashe na 20 na ƙa'idarta ta haƙƙin masu saye ta 2011. A lura da lafazin: shiga hannu. Ba a ce ajiyewa a bakin ƙofa ba, ba a ce ɗaukar hoto ba. Togacin da aka yi shi ne in kai da kanka ka nemo mai jigilar da ba ya cikin waɗanda mai sayarwa ya ba ka zaɓi, to da zarar an miƙa masa kayan sun dawo wuyanka. Wannan adalci ne. Haka in kai ka rubuta musu cewa a bar wa wane, kuma aka bar masa, sai ka je ku ƙarata da wanen. Shi ya sa ɗan akwatin nan da ke tambaya "ina za a ajiye in ba ka nan?" yake buƙatar tunani kafin a cike shi, don ba sauƙi kawai yake ba ka ba, wani nauyi yake sauke musu ya ɗora maka.

Akwai dabarar da wasu 'yan kasuwa ke yi wadda ke ba ni mamaki. Sai su ce ka je ka kai rahoto wurin 'yan sanda ka kawo musu takarda kafin su duba lamarin. Rahoton me zan kai? In an sace kwalin kafin ya iso hannuna, ai ba ni aka yi wa sata ba, su aka yi wa. Ban ga kayan ba, ban san inda aka ajiye su ba, ban san wanda ya ɗauka ba. Su ke da sunan ɗan aiken da hanyar da ya bi da lokacin da ya tsaya. Wannan sharaɗi ba don gano gaskiya aka kafa shi ba, don a gajiyar da mutum ne ya ce ya bar wa Allah. Kuma da yawa suna barin.

Sai dai ba a nan gizo ke saƙar ba. Ko inda doka ta tsaya maka, hanyoyin da za ka bi ka karɓi haƙƙinka duk suna da agogo, kuma jeka-ka-dawon da ake yi da kai cin wannan lokacin yake yi. A Amurka, wata doka ta 1974 ta ba mai katin bashi na banki damar ƙalubalantar kuɗin kayan da ba a kawo masa ba, amma a rubuce, kuma cikin kwana 60 daga ranar da aka aiko masa da takardar lissafin da cajin ya fito a ciki. A Birtaniya sashe na 75 na dokar bashi, ita ma ta 1974, ya sa kamfanin katin bashi ya zama abokin alhakin ɗan kasuwa a kan abin da kuɗinsa ya haura fam 100 bai wuce fam 30,000 ba. Masu katin Visa da Mastercard a ƙasashe da yawa suna iya neman bankinsu ya janyo kuɗin daga ɗan kasuwa, yawanci cikin kimanin kwana 120. PayPal, kamfanin biyan kuɗi ta intanet, yana ba da kwana 180 a buɗe ƙorafi, kasuwar intanet ta eBay kuma kwana 30 daga ranar isarwa. Duk wanda ya ce maka "ƙara haƙuri, muna bincike" mako bayan mako, ko ya sani ko bai sani ba, kusantar da kai yake yi ga ranar da ƙofofin nan za su rufe. Wanda kuwa ya tura kuɗi kai tsaye zuwa asusun wani da ya gani a Instagram ko WhatsApp, kusan babu ko ɗaya daga cikin waɗannan da zai cece shi. Sai dai amanar mai kayan, in yana da ita.

Abin takaicin shi ne su kansu waɗannan hanyoyi sun kamu da cutar gaskata allo. Da zarar ɗan kasuwa ya nuna lambar bin sawu mai cewa an isar, sau da yawa shi ake ba gaskiya. A eBay na Amurka, sai kuɗin kaya ya kai dala 750 ake wajabta wa mai sayarwa kawo shaidar sa hannun mai karɓa. Ƙasa da haka lambar ta wadatar. 'Yan damfara sun gane wannan ɓaraka tuntuni. Shafukan bin sawu ba sa nuna cikakken adireshi, gari kawai ko lambar yanki suke nunawa. Sai macuci ya karɓi kuɗinka, ya tura ambulan fanko zuwa wani gida ko shago a yankinku, ko ya ba ka lambar saƙon wani mutum dabam da ke gari ɗaya da kai. Allo ya nuna an isar, ranar ta yi daidai, garin ya yi daidai, kai kuma ka tashi a tutar babu. Maganin wannan shi ne ka nemi kamfanin jigilar ya rubuta maka cewa adireshin da ke kan wannan lamba ba naka ba ne. Ba lallai su faɗa maka na wane ne ba, amma za su iya cewa ba naka ba ne. Ka kuma tambayi nauyin da aka auna, domin kwalin da aka ce injin ɗinki ne a ciki ba zai yi nauyin wasiƙa ba.

Na san abin da 'yan kasuwa za su ce, kuma ba ƙarya suke yi ba: akwai masu saye maƙaryata. Mutum ya karɓi kaya, ya buɗe, yana amfani da su, sannan ya rantse ba a kawo ba don a maido masa da kuɗi. Wannan sata ce, ba ta da wani suna, kuma irin waɗannan su suka shafa wa sauranmu kashin kaji. Ƙaramin ɗan kasuwa da ke sayar da abu goma a mako, in aka yi masa haka sau biyu ya durƙushe. Ina tausaya masa. Amma ƙaryar wasu ba ta mayar da dannawar maɓalli ta zama hujja. Abin da take nunawa shi ne kowa na buƙatar shaidar da ba ɓangare ɗaya ke riƙe da ita ba, mai saye da mai sayarwa baki ɗaya.

Kuma akwai ta. Lambar sirri ce da ake turo wa mai saye a waya, ba za a iya rufe aikin ba sai ya karanta wa ɗan aike ita a bakin ƙofa. Kamfanin sayar da kaya ta intanet na Amazon yana amfani da irin wannan, mai alƙaluma shida, a kan wasu kaya masu tsada, haka ma wasu kamfanonin. Tana kare mai gaskiya, tana toshe bakin maƙaryaci. To me ya hana a yi wa kowane kwali? Lokaci. A ce minti ɗaya take ƙarawa a kowace ƙofa, ɗan aike kuma yana da ƙofa 150 a yini, awa biyu da rabi ke nan. Ga wanda ba ya gida sai an sake dawowa. Kamfanoni sun buga lissafinsu sun ga ɓatan 'yan kwalaye ya fi musu arha a kan tsayawa karɓar shaida. Ban ce ba su da ikon zaɓar haka ba. Kasuwancinsu ne. Amma tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. In ka zaɓi ka ajiye ka wuce don ka rage kashe kuɗi, to asarar da ta biyo baya taka ce. Ba ka cin ribar gaggawa kai kaɗai sannan ka raba asararta da wanda bai san hawa ba bai san sauka ba.

Ita ma lambar sirrin tana da wajen da ake karya ta. Waya za ta shigo: "Oga, ina kan hanya, karanto min lambar don in rage aiki." Kada ka karanta. Da ka faɗe ta ka sa hannu a kan kayan da ba ka gani ba, kuma a wannan karon hujjar ta gaske ce, a kanka take.

Ɗan aiken kansa ba na son a mayar da shi uban laifi. Akwai ɓata-gari a cikinsu kamar kowace sana'a. Amma mafi yawansu mutane ne da aka ɗora wa kayan da suka fi ƙarfin yini, a wurare da dama kuma a kan kowane kwalin da ya shiga ake biyansu, wanda ya dawo da shi bai da lada, wani lokacin ma ya jawo masa faɗa. Mutumin da rana ta faɗi yana da sauran kwali ashirin, ga na'ura na ƙirga masa minti, me kake zaton zai yi? Zai danna an isar ya ce gobe da safe ya kawo. Ko ya ga lambar gida ta yi daidai ya ajiye, bai tsaya duba sunan layi ba. Kamfanonin sun san da wannan. Amazon, waɗanda ba da su na yi nawa cinikin ba, kada a ɗora musu, sun rubuta a shafinsu na taimako cewa a jira awa 48, domin wani lokacin saƙo kan nuna an isar tun bai iso ba. Na yaba da faɗin gaskiyar. Amma a tsaya a ji abin da aka faɗa: masu kalmar da kansu sun yarda ba kullum take nufin abin da ta ce ba. To don me za a yanke wa mutum hukunci da ita? Abin da ke damuna kuma shi ne, in koke ya yi ƙarfi, a albashin wannan bawan Allah ake zuwa a yanka, wanda ya tsara masa hanyar da ba ta yiwuwa kuwa ko a jikinsa.

Ni dai a rana ta huɗu na daina kira. Magana a waya iska ce, gobe wani zai ɗauka ka sake farawa daga bismillah. Na koma imel. Na ɗauki hoton ƙofata da lambar gidan a jiki, na jera shi da hoton tasu shuɗiyar ƙofar. Ban ƙara tambayar ina kayana ba, domin amsar wannan suna da ita a shirye. Cewa na yi su ba ni sunan wanda ya karɓa, da daidai wurin da na'urarsu ta nuna, su kuma bayyana min yadda ƙofar katako ta zama ta ƙarfe. Na ba su kwana bakwai, ko su sake turo kayan ko su maido kuɗin, in ba haka ba zan miƙa wa banki duk abin da muka rubuta wa juna. Ban yi zagi ba, ban yi barazanar tona asiri a intanet ba. Ana cikin haka ma sai ga saƙon kar-ta-kwana daga wata baƙuwar lamba, wai kayana sun maƙale, in danna nan in biya ɗan kuɗin sake kawowa. Da a ranar farko ya same ni, ina cikin zafin rai, wataƙila da na danna. Irin waɗannan saƙonni barbaza su ake yi wa dubban mutane, an san dole a dace da mai jiran kwali.

A rana ta goma sha ɗaya kuɗina suka dawo. Wasiƙar da ta rako su ta ce sun yi min haka ne a matsayin alfarma, sau ɗaya tak, duk da bayanansu sun nuna an isar. Alfarma! Na biya kuɗin abu, ba a ba ni ba, an dawo min da kuɗina bayan na yi kwana goma sha ɗaya ina aikin da ya kamata su yi, sannan wai in gode. Na san kuma an rubuta a wani wuri cewa wane ya taɓa cewa kaya ba su zo ba, yadda in ta sake faruwa da ni za a fara zargi.

Bayan kamar wata guda ina dawowa a ƙafa ta layin da ke bayan namu, sai na gan ta. Ƙofar ƙarfe, shuɗiya, lambar gidan iri ɗaya da tawa. Wani yaro na wasa a gabanta, ƙafa ɗaya da takalmi ɗaya babu. Na ɗan tsaya. Batirin yanzu ba nawa ba ne, tun da an biya ni, kuma ban san ko mutanen gidan sun ma taɓa ganinsa ba ko wani mai wucewa ne ya yi gaba da shi. Ban ƙwanƙwasa ba. Da na isa gida na shigar da lambar bin sawun don in ga ko an gyara. Tana nan yadda take: an isar, ƙarfe 2:17, an miƙa wa mai gida hannu da hannu.